Kare Gonar Iyali da Filayen Karkara: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa a bakin masu gona da magadansu idan gari ya fara matso gona, ko dattijon gida ya fara tunanin abin da zai biyo bayan ransa. Dokar filaye ta bambanta daga wata ƙasa zuwa wata, don haka duk inda aka kawo misali an faɗi ƙasar da ake nufi. An sa wa tambayoyin lamba domin wasu amsoshin suna jingina da juna.

1. Me ake nufi da kare gona? Ai gona ba ta gudu.

Ba ta gudu, amma tana ƙarewa, kuma a hankali take ƙarewa. Mai gona ya yanki gefen da ke bakin titi ya sayar don ya biya bashi. Bayan rasuwarsa magada shida su raba abin da ya rage. Biyu daga cikinsu da suka daɗe a birni su sayar wa dillali rabonsu, dillali ya yanka fuloti, gidaje su tashi. Wanda ya rage yana noma sai ya wayi gari katanga ta kewaye shi gabas da yamma, sababbin maƙwabta suna ƙorafin warin taki da ƙarar injin, hanyar da dabbobinsa ke bi zuwa ruwa ta toshe. Daga ƙarshe shi ma ya sayar. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi niyyar kashe gonar, kowa larurarsa ce ta tura shi.

Kare gona shi ne ɗaukar matakin doka tun kafin a kai nan, ta yadda filin zai ci gaba da zama na noma, ko kiwo, ko daji, ko fadama, ko a hannun wa ya faɗa. Wannan daban yake da kula da lafiyar ƙasar noma, wato hana zaizaya da ƙara taki, kodayake tare suke tafiya.

2. Abin ya kai a damu da shi haka?

Ya kai. Wani bincike da mujallar kimiyya ta PNAS ta buga a 2017 ya ƙiyasta cewa faɗaɗar birane za ta cinye tsakanin kashi 1.8 zuwa 2.4 cikin 100 na gonakin duniya kafin 2030, kuma kusan kashi 80 na asarar a Asiya da Afirka za ta faɗa. Adadin kamar kaɗan ne, sai an duba irin gonakin da ake magana a kai. Birane tun asali kusa da ruwa da ƙasa mai albarka aka kafa su, saboda haka gonakin da suka fi kyau su ake fara binnewa. A Amurka, ƙungiyar American Farmland Trust ta ƙirga cewa tsakanin 2001 da 2016 an juyar da eka miliyan 11 na gonaki da makiyaya, wato kimanin eka 2,000 a kowace rana. Fiye da rabin wannan ba cikin birni ya tafi ba, gidaje ne ɗai-ɗai da aka warwatsa cikin karkara, kowanne da ƙaton fili.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne asarar ba ta dawowa. Gonar da aka bari ta yi saura ana iya sake sharewa. Wadda aka zuba wa siminti da kwalta ta tafi ke nan, domin 'yan santimitoci na ƙasar sama suna ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin su samu. Kuma fili ba abinci kaɗai yake bayarwa ba: yana shanye ruwan sama, ya rage ambaliya, ya cika rijiyoyi. Birnin Niyok ya gane haka, a 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan tsaunukan Catskill inda ruwan shansa ke fitowa, ya zuba kuɗi wajen kare gonaki da dazuzzukan yankin maimakon gina ƙatuwar matatar ruwa.

3. Wace hanya aka fi bi?

Inda doka ta tanada, hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce yarjejeniyar kare fili. Ka ɗauki mallakar gona kamar tsintsiya: tsinke ɗaya haƙƙin noma ne, ɗaya na sayarwa, ɗaya na bayar da haya, ɗaya na barin gado, ɗaya kuma na yanka fili da yin gini. A wannan yarjejeniya mai gona yana zare tsinke na ƙarshen nan kaɗai, ya miƙa wa wata ƙungiya ko hukuma. Ita ma ba a ba ta don ta yi ginin ba, an ba ta ne ta tabbatar ba wanda ya yi.

Ana rubuta sharuɗɗan, a sa hannu, a shigar a ofishin rajistar filaye tare da takardar mallaka. Daga ranar sharaɗin ya manne wa filin, yana bin sa duk inda ya je. Wanda ya saya bayan shekara 40 zai tarar da shi, kuma dole ya bi. A Amurka dokar samfuri ta 1981, wato daftarin da aka tsara don jihohi su ɗauka, ita ce ta daidaita tsarin, jihohi da yawa suka kwafa. Niyuzilan tana da irinsa tun 1977 a ƙarƙashin ƙungiyar QEII National Trust. Kenya ta sa shi a dokar muhalli ta 1999, Chile a 2016, Ingila kuma ta soma aiki da nata a 2022. In ƙasarku ba ta da shi, duba tambaya ta 14.

4. To gonar ta fita daga hannuna ke nan?

A'a. Sunanka ne a takarda, kai ke noma, kai ke girbi, kai ke biyan haraji. Kana iya sayarwa, ko bayar da haya, ko barin gado. Abin da ba za ka iya ba shi ne abin da ka sa hannu ka haramta wa kanka (tambaya ta 7). Amma kada a ɓoye maka: gonar da ba a iya yankawa ta fi arha a kasuwa, kuma wannan ragin har 'ya'yanka zai shafa.

5. Su wa ke riƙe yarjejeniyar?

Ko dai hukumar gwamnati, ko ƙungiyar amanar filaye, wato ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, wadda aikinta riƙe filaye ko sharuɗɗan da ke kansu. Tsarin ya daɗe. An kafa The Trustees of Reservations a jihar Massachusetts a 1891, sai National Trust a Ingila a 1895, wadda Octavia Hill ke cikin mutum uku da suka assasa ta. Waɗannan na farko sun fi mayar da hankali ga wuraren shaƙatawa da na tarihi.

Ta farko a Amurka da aka kafa takanas domin gonaki ita ce Marin Agricultural Land Trust a Kalifoniya, a 1980. Mata biyu ne suka kafa ta: Ellen Straus, mai kiwon shanun madara, da Phyllis Faber, masaniyar tsirrai. Ina son wannan tarihin saboda a lokacin makiyaya da masu fafutukar muhalli ba sa ga maciji da juna, sai da ɓangarorin biyu suka ga cewa gine-ginen da ke tahowa daga San Francisco za su cinye su gaba ɗaya.

6. Me zan samu in na yi? Ana biya?

Ana iya biya. Ƙwararren mai kimanta filaye zai yi wa gonar kuɗi sau biyu: darajarta in ana iya yankawa a yi gini, da darajarta in noma kawai za a yi. Bambancin shi ne kuɗin haƙƙin da ka zare. A ce ta farko 100 ce, ta biyu 60, to haƙƙin ginin 40 ne. Kana iya sayar da 40 ɗin ga hukuma ko ƙungiya, kana iya bayar da ita kyauta, kana iya karɓar 25 ka yafe 15. Gundumar Suffolk a jihar Niyok ce ta fara sayen irin wannan haƙƙi daga manoma a 1974. Iyalai da yawa da kuɗin suke biyan tsohon bashi, ko su sallami magadan da ba sa son noma (tambaya ta 9).

Wanda ya bayar kyauta, a wasu ƙasashe ana rage masa haraji. A Amurka, tun 1980 dokar haraji ta amince da haka, da sharaɗin kariyar ta zama ta dindindin. Manomin da ya cika sharuɗɗa yana iya cire kyautar daga dukan kuɗin shigarsa na shekara, abin da ya rage kuma ya ci gaba da cirewa har tsawon shekara 15. Harajin gado ma yana raguwa tunda darajar gonar ta sauka. Sai dai ragin haraji mai kuɗin shiga da yawa yake amfana. Ƙaramin manomi kuwa kuɗin hannu ya fi buƙata.

Akwai kuma wata hanya, wadda gundumar Montgomery a jihar Maryland ta shahara da ita. A 1980 ta keɓe eka 93,000 domin noma, ta rage izinin gini daga gida ɗaya a kowace eka 5 zuwa gida ɗaya a kowace eka 25. Don kada manoma su yi asara, sai aka ba su damar sayar da haƙƙin ginin da suka rasa ga magina, su kuma su yi amfani da shi su ƙara gidaje a cikin gari, inda tuni akwai titi da ruwa. Kuɗin daga aljihun magina yake fitowa.

7. Me ake hanawa, me ake bari?

Galibi ana hana yanka fili ƙanana, da gina rukunin gidaje, shaguna ko masana'anta, da haƙar yashi ko fasa dutse don sayarwa, da kwashe ƙasar sama, da zubar da shara. Ana barin noma, kiwo, shinge, rijiya, rumbu, garke da gyaran gidan da ke ciki. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi na ciniki, kuma a nan ne ya kamata iyali su ɓata lokaci.

Kafin ka sa hannu ka tambayi kanka abin da jikanka zai buƙata. In kana ganin wani daga cikin 'ya'yanka zai zauna a gonar, a keɓe masa wurin gini tun yanzu, a zana a taswira. A bar ƙofar canza abin da ake nomawa, domin wanda ke shuka hatsi yau wataƙila lambu ko kiwon kifi ne zai riƙe jikansa. A yi maganar ɗakin sarrafa amfanin gona, da rumfar sayarwa a bakin hanya, da allunan sola, da sare itace. Yarjejeniyoyin da aka rubuta shekara 40 baya ba su san da sola ko hasumiyar waya ba, yau kuwa ana ta jayayya a kansu.

Ra'ayina shi ne a tsananta a abu ɗaya, a sassauta a sauran. A kulle maganar yanka da gini kulle mai ƙarfi, amma kada a rubuta wa manomin gobe yadda zai yi nomansa. Takardar da ta ɗaure manomi hannu da ƙafa tana kare ciyawa ne, ta kori mai gona.

8. In na canza ra'ayi fa? "Har abada" ai magana ce babba.

Babba ce, kuma haka ake nufi. Yarjejeniyar dindindin ba a warware ta don mai gona ya yi nadama, ko don farashin fuloti ya tashi. Ana iya yi mata gyara in ɓangarorin biyu sun yarda kuma kariyar ba ta ragu ba. A Amurka, soke ta gaba ɗaya yawanci sai kotu ta tabbatar cewa manufar da aka yi ta dominta ba za ta ƙara yiwuwa ba, kuma mai riƙon yana da kaso a kuɗin da aka samu. Gwamnati kuma tana iya karɓar filin don titi ko wani aikin jama'a ta biya diyya, kamar kowane fili, kodayake yarjejeniyar kan sa a yi tunani sau biyu.

Wanda bai shirya wa dindindin ba yana da matsakaiciyar hanya a wasu wurare. Dokar Williamson ta Kalifoniya, ta 1965, tana ba manomi ragin harajin fili in ya yi alkawarin ba zai yi gini ba har shekara 10, kuma alkawarin yana sabunta kansa kowace shekara har sai ya ba da sanarwar fita. Tana sayen lokaci, amma in farashi ya yi tashin gwauron zabo mutane fita suke yi.

9. Mu magada ne da yawa, wasu na son sayarwa. Yaya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, domin gonaki sun fi mutuwa a wurin rabon gado fiye da a hannun magina. In gona ta zama ta mutum goma ba a raba ba, duk sai sun sa hannu kafin a yi yarjejeniya. Kuma a dokokin ƙasashe da dama mutum ɗaya, ko baƙon da ya sayi rabon mutum ɗaya, yana iya zuwa kotu ya nemi a sayar da gonar duka a raba kuɗi. Ta wannan ƙofa iyalan baƙar fata a kudancin Amurka suka yi asarar filaye masu yawan gaske. Shi ya sa aka fito da dokar samfuri a 2010, wadda ta ce kafin a sayar sai an kimanta gonar, a fara ba sauran magada damar sayen rabon mai son fita. Suwizalan ta bi wata hanya: dokarta ta 1991 ta hana wargaza gona, ta kuma ba magajin da zai noma da kansa damar karɓarta a kan darajar abin da take samarwa maimakon farashin kasuwa. Ruwanda a 2005 ta hana yanka gonar da ba ta wuce hekta 1 ba.

Na taɓa zama da wasu 'yan'uwa biyar, taswirar gonar mahaifinsu a shimfiɗe a tsakiyarsu, an danne gefunanta da kofuna. Babbar yayarsu ta ɗora yatsa a kan wata kusurwa ta ce nan ne bishiyar da suke hutawa, ba za a taɓa ta ba. Ƙaraminsu bai ce uffan ba sai can, ya ce: "Yaya, ni ban ƙi gonar Baba ba, amma 'yata tana asibiti wata na uku ke nan." Ɗakin ya yi tsit. Daga wannan magana aka bar gardamar wa ke ƙaunar gonar, aka koma lissafin nawa yake buƙata da yadda za a samo. Wanda ke son sayarwa ba maci amana ba ne, haƙƙinsa yake nema.

Hanyoyin da suka fi aiki kaɗan ne. Masu son noma su sayi rabon masu son fita, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. Ko a sayar da haƙƙin gini (tambaya ta 6) a sallame su da kuɗin. Ko a mayar da gonar kamfanin iyali, kowa ya riƙe hannun jari daidai rabonsa, mai noma ya riƙa biyan haya, a rubuta cewa duk mai son sayar da jarinsa sai ya fara tallata wa 'yan'uwa. Ko a yanke ɗan gefen da bai da albarka a sayar, a kulle sauran. Duk wannan ya fi sauƙi sau goma in mai gonar yana raye, da bakinsa ya faɗi abin da yake so a gaban kowa.

10. Akwai bashin banki a kan gonar. Zai hana?

Ba ya hanawa, amma sai banki ya yarda a rubuce cewa ko ya karɓe gonar ya sayar, yarjejeniyar tana nan. In ba haka ba, ranar da aka yi gwanjo kariyar ta faɗi. Banki yakan yarda in darajar da ta rage ta fi bashin, ko in an rage bashin da kuɗin da aka samu. A tuntuɓe shi tun farko, domin amsarsa kan ɗauki watanni.

11. Jama'a za su riƙa shiga gonata yadda suka ga dama?

A'a, sai in kai ka rubuta haka. Yawancin yarjejeniyoyin gonaki ba su ba kowa izinin shiga ba, ban da wakilin mai riƙo (tambaya ta 12). Amma in akwai tsohuwar hanyar ƙafa, ko burtali, ko mashaya da mutane suka saba bi, shawarata a zana su a taswira a tabbatar da su. Filin karkara da aka kare aka kuma toshe wa maƙwabta hanyar ruwa ya haifi gaba, kuma gaba ba ta barin shinge ya daɗe.

12. Wa ke tabbatar da an bi sharuɗɗan bayan shekaru?

Kafin sa hannu ana haɗa kundin yadda gonar take a ranar: taswira, hotuna, iyakoki, gine-gine, rafi, manyan itatuwa. Kai da mai riƙo ku sa hannu a kai. Daga nan, yawanci sau ɗaya a shekara, wakilinsu zai sanar da kai ya zo. Ziyarar ba ta da wani tashin hankali: ku bi iyaka da ƙafa, ya tsaya daidai inda aka ɗauki hoton farko ya ɗauki sabo, ya tambaye ka ko akwai ginin da kake shirin yi, ya ga inda ruwa ya fara cin gaɓa ku yi shawara.

Matsala ta fi tasowa a hannun mai gona na biyu ko na uku, wanda bai san dalilin yarjejeniyar ba, ko maƙwabcin da ya turo katangarsa. Ana farawa da magana, in ta ƙi a je kotu. Saboda haka ƙungiyar kirki takan ware asusu na musamman don sa ido da shari'a, kuma tana iya neman gudummawarka a ciki. A tabbatar takardar ta faɗi wanda zai gaji riƙon in ƙungiyar ta rushe.

13. Wannan ba wakafi ba ne da wani suna?

Sun yi kama a niyya, sun bambanta a hukunci. Asalin wakafin fili da aka fi ambata shi ne na Sayyidina Umar a Khaibar, wanda aka tsayar a kan ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa, amfaninsa kuma ya tafi ga waɗanda aka ambata. Gonar da ke ƙarƙashin yarjejeniyar kare fili kuwa ana sayar da ita, ana gadonta, amfaninta na mai ita ne. Wakafi ya fi ƙarfi wajen hana rarrabawa, amma yana fitar da filin daga dukiyar magada, kuma ingancinsa ya rataya ga amanar mai kula.

Ga filayen jama'a kuma akwai tsarin hima, wato makiyaya ko dajin da shugaba ya keɓe don amfanin kowa, kamar Naƙi'u kusa da Madina. Duk wanda zai bi ɗaya daga cikin waɗannan ya haɗa malamin da ya san hukuncin gado da lauyan filaye, a kuma yi rajista, domin wakafin baka yakan ɓace tare da shaidunsa.

14. A ƙasarmu babu wannan doka, ko kuma fili na gwamnati ne. Me ya rage mana?

A ƙasashe irin su Habasha, Mozambik da Sin, mutum haƙƙin amfani yake riƙewa, asalin filin na hukuma ne ko na al'umma. A Nijeriya ma dokar 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. A irin wannan yanayi matakin farko shi ne tabbatar da haƙƙin da kake da shi: a auna gona, a kafa turakun iyaka, a samu takarda, a rubuta sunayen duk masu rabo, har da mata da marayu. Gonar da ba ta da takarda ita ake fara haɗiyewa, kuma ita ce ba a biyan diyyar kirki a kanta.

Bayan haka akwai yarjejeniyar iyali a rubuce, da kamfani ko ƙungiyar gama-kai (tambaya ta 9), da wakafi (tambaya ta 13), da rajistar filin al'umma gaba ɗaya. Tanzaniya ta buɗe wannan ƙofa da dokar filayen ƙauye ta 1999, Kenya da dokar filayen al'umma ta 2016. Makiyaya, fadama da dajin gari sun fi tsira in an yi musu rajista da sunan jama'a, da ƙa'idar cewa mutum ɗaya, komai girmansa, ba zai sa hannu ya sayar ba.

15. Me ya sa gwamnati ba za ta hana gini a gonaki kawai ba?

Wasu sun yi. Landan tana da ɗamarar fili da aka hana gini a cikinta, wadda aka soma da dokar 1938. Jihar Oregon a 1973 ta wajabta wa biranenta shata iyakar da ba za su tsallaka ba. A shekarar ce lardin British Columbia na Kanada ya keɓe kusan kashi 5 cikin 100 na faɗinsa domin noma. Sin ta ja abin da take kira jan layi, cewa gonakinta ba za su gaza hekta miliyan 120 ba.

Tsarin gwamnati yana rufe yanki mai faɗi a lokaci guda, abin da yarjejeniyar mutum ɗaya ba za ta iya ba. Rauninsa shi ne majalisar da ta kafa shi tana iya warware shi. Kuma akwai ƙorafi na gaskiya: in an hana gari faɗaɗa ba a bar shi ya yi sama ko ya cike kangayensa ba, kuɗin gida yana tashi, talaka ya sha wuya. Mai son gonaki su tsira dole ya goyi bayan gina gidaje a cikin gari.

16. Ba wata dabara ce ta ƙwace wa talaka fili ba?

Tsoron yana da tushe. Da sunan kare muhalli an kori mutane daga ƙasar kakanninsu, kamar yadda aka fitar da makiyayan Masai daga dajin Serengeti na Tanzaniya a 1959. An kuma yi zamba ta wata fuskar: a Amurka wasu masu kuɗi sun riƙa sayen fili, su kumbura darajarsa a takarda, su ba da "kyautar" haƙƙin gini don su kauce wa haraji, har majalisa ta taka musu birki a 2022.

Alamomin yarjejeniyar gaskiya a bayyane suke. Da yardarka ake yi, sunanka yana nan a takardar mallaka, lauyanka daban da nasu, mai kimantawa ba yaronsu ba ne, kuma an ba ka lokaci ka kai takardar gida a karanta wa kowa da harshen da yake ji. Ka nemi su haɗa ka da manoma biyu ko uku da suka yi shekaru da su. Wanda ya ce ka sa hannu yau ko dama ta wuce, ka bar ta ta wuce.

17. An kare gonar, amma 'ya'yana ba sa son noma. Wa zai noma ta?

Nan ne tsofaffin yarjejeniyoyi suka gaza. An hana gini, sai mai kuɗi daga birni ya saye gonar don hutun ƙarshen mako, a farashin da matashin manomi ba zai iya ba. Fili ya tsira, noma ya tsaya. Jihohin Massachusetts da Vermont sun ƙara wani sharaɗi saboda haka: in za a sayar wa wanda ba manomi ba kuma ba ɗan gida ba, mai riƙo yana da damar saye a farashin noma ya miƙa wa manomi. A Faransa hukumomin SAFER, da aka kafa a 1960, suna da ikon shiga gaban mai saye idan gona ta fito kasuwa. Ƙungiyar Terre de Liens kuma, tun 2003, tana tara kuɗin jama'a ta sayi gonaki ta ba sababbin manoma haya mai tsawo.

A matakin iyali, haya mai tsawo ga manomin da aka yarda da shi ta fi barin gona ta zama kango. Mai hayar shekara ɗaya ba zai dasa itace ba, ba zai gyara kwari ba. Mai hayar shekara 15 zai yi. A rubuta wa ke da itatuwan da ya dasa da rijiyar da ya haƙa in wa'adi ya cika.

18. Daga ina zan fara, kuma zai ɗauki tsawon wane lokaci?

Daga gida. Ka tara duk wanda ke da rabo ko zai samu, har da waɗanda ke nesa, kowa ya faɗi abin da yake so da abin da yake tsoro. Sannan ka tattaro takardu: shaidar mallaka, taswirar awo, takardun bashi, rasiɗan haraji, da duk wata haya ko izinin hanya da aka taɓa bai wa wani. Ka bincika ko haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin gonar naka ne, domin a wurare da yawa ba na mai gona ba ne, kuma hakan yana shafar abin da za ka iya alkawartawa.

Bayan nan ne za ka nemi ƙungiya ko hukumar da ke aiki a yankinku, da lauyan da ya san filaye da gado. Za su zo su ga gonar, a yi daftari, a kimanta, a nemi yardar banki in akwai bashi (tambaya ta 10), a haɗa kundin hotuna (tambaya ta 12), a sa hannu, a yi rajista. In kyauta ce, watanni ne zuwa shekara guda. In ana jiran kuɗin gwamnati, shekara biyu ko fiye ba abin mamaki ba ne. Kuɗin awo, na lauya da na mai kimantawa yawanci kafin a kammala ake biyansu, don haka a tambaya tun zaman farko wanne ke kanka, wanne ke kansu, a kuma rubuta amsar.